Abin da makanikai suka ce kan ƙaramar tarakta

To jama'a ga abin da na tsinta daga hirar masu gyara a Maradi. In ka murɗa makulli kaji ƙas-ƙas kawai, kar ka yi saurin zargin sitata, fara duba kan batir, farin garin nan dake taruwa a kai ka kankare shi ka ɗaure da kyau. Batir mai lafiya wajen volt 12.6 yake nunawa. In shiru ne gaba ɗaya duba fis, da ɗan makunnin ƙarƙashin kujera mai gane ko akwai mutum zaune a kai, wayarsa ɓeraye na cinyewa in an ajiye taraktar kusa da rumbu.

Maganar tafiya kuma, inji na ƙara amma bata jan kaya, yawanci bel ne ya saki ko ya cinye. Wani dattijo yace a duba man giya tukunna kafin a kwance komai, ni ma nan na tsaya.