Daga ina ake fara gina tauraron labarin zane da na katun?

Ɗalibin Zane ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da yayyena a wannan sana'a. Ina rubuta labari cikin zane, irin wanda ake jera hotuna a akwatuna ana sa maganar taurari a cikinsu, kuma burina shi ne wata rana in mayar da shi katun mai motsi. Matsalata ita ce, waɗanda suka karanta suna yaba kyawun zanen, amma idan aka kwana biyu na tambaye su game da babban tauraron, sai su kasa faɗar komai a kansa, wasu ma sunansa ya ɓace musu. Saurayi ne mai ƙarfi da jarumta da gaskiya, yana taimakon raunana, kuma na yi masa sutura mai ado da yawa domin ya fita daban. Daga ina ya kamata a fara gina tauraro, daga siffarsa ko daga halinsa? Me ya sa kuma wasu taurarin katun suke zama a zukatan mutane shekara da shekaru, alhali zanensu ba shi da wata wahala?

Mai Alƙalami ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Duk abin da ka faɗa game da tauraronka yabo ne, kuma yabo kaɗai ba ya haifar da labari. Mai karatu yana riƙe tauraro ne idan ya ga akwai abin da yake so ƙwarai, akwai abin da ya tsaya tsakaninsa da shi, akwai kuma asarar da zai yi idan bai samu ba. "Yana son ya taimaki mutane" ya yi faɗi da yawa, domin kusan kowane jarumi haka yake. Amma idan ka ce yana son ya wanke sunan mahaifinsa da aka yi wa ƙazafi, ko yana son ƙanwarsa ta daina jin tsoronsa, to ka ba mai karatu abin da zai bi daga shafi zuwa shafi.

Ka duba yadda Stan Lee da Steve Ditko suka gabatar da Spider-Man a 1962. Yaro ne ɗan makaranta, maraya, yana zaune wurin baffansa da matar baffan. Da ya samu ƙarfi sai ya fara neman kuɗi da suna da shi, har wani ɓarawo ya wuce ta gabansa a guje ya ƙi tare shi, saboda yana ganin ba aikinsa ba ne. Wannan ɓarawon ne daga baya ya kashe baffan nasa. Duk wata jarumta da yaron ya yi bayan haka tana ɗauke da nauyin wannan nadama, shi ya sa mutane suke jin sun san shi. Superman kuwa, wanda ya fito a 1938, ƙarfinsa ya yi yawa har sai da marubutansa suka ƙirƙiro wani dutse mai raunana shi bayan 'yan shekaru, domin mai karatu ya samu dalilin fargaba.

A ganina, rauni mafi amfani shi ne wanda ya tsiro daga jikin kyakkyawan halin kansa. Tun da tauraronka mai gaskiya ne, wataƙila gaskiyar ta sa shi taurin kai, ba ya yafe wa wanda ya taɓa yi masa ƙarya ko da kuwa domin ya cece shi aka yi ta. Tun da mai taimako ne, wataƙila ba ya iya cewa a'a, sai ya yi wa mutum biyu alkawari a lokaci guda, dole ya saɓa wa ɗaya. A irin wannan wuri, inda ya zama tilas ya zaɓa tsakanin abubuwa biyu masu kyau ko biyu masu ɗaci, a nan ake sanin ko shi wane ne. Kuma idan ka tsayar masa da hali, ka riƙe shi, domin hali zanen dutse ne. Mai karatu ba ya yafe wa marubucin da ya sa matsoraci ya yi jarumta ba tare da an ga abin da ya tura shi ba.

Game da tarihinsa na baya, ka rubuta wa kanka iya yadda kake so, amma kaɗan za ka nuna.

Mai Motsa Zane ta amsa:

Na yarda da Malam Mai Alƙalami a batun hali, amma ina so in tsaya a kan suturar nan mai ado da yawa, domin tun da burinka katun ne, a nan za ka sha wuya. Fim yana tafiya ne da hotuna 24 a kowane sakan. Masu zanen hannu sukan rage aikin ta hanyar nuna kowane zane sau biyu, sai ya koma zane 12 a sakan, wato zane 720 a minti ɗaya tak. Duk maɓallin riga da duk igiyar takalmi da ka ƙara, sai an maimaita su a kowane ɗaya daga cikin zanukan nan, kuma idan suka goce ko kaɗan, mai kallo zai ga suna rawa a jikin tauraron. Wannan lissafi na daga cikin dalilan da suka sa Mickey Mouse, wanda ya shahara a 1928, yake da yatsu huɗu maimakon biyar. An kuma sa masa farar safar hannu domin hannunsa ya riƙa fitowa idan ya gitta ta gaban baƙin jikinsa. Kunnuwansa biyu kuwa da'ira ne, suna nan a da'irarsu duk inda ya juya kai, kuma da su kaɗai ake gane shi ko ba a ga fuska ba.

Akwai gwajin da masu zane suke yi tun da daɗewa. Ka zana tauraronka, sannan ka cike shi da baƙar tawada gaba ɗaya har ya zama kamar inuwa, babu ido, babu launi, babu ado. Ka yi wa sauran taurarin haka, ka jera su a layi ɗaya. Idan wanda ya san labarin ya kasa nuna wane ne wane, to siffofin sun yi kama da juna, kuma ƙarin ado ba zai gyara hakan ba. Abin da zai gyara shi ne bambancin tsawo da kauri, da girman kai idan aka gwada da jiki, da yadda kowa yake tsayuwa, da wani abu guda da ya fito daga inuwar, kamar tsarin gashi ko hula ko sandar da yake riƙewa. Yawancin masu zane suna fara jikin ne daga siffa mai sauƙi: da'ira takan ba da taushi da sakin jiki, murabba'i yakan ba da nauyi da natsuwa, kusurwa mai tsini kuma takan ba da sauri ko haɗari.

Launi ma ka taƙaita shi zuwa biyu ko uku, kuma ka yi tunanin inda za a kalli aikin. Hulk, wani ƙaton tauraron labarin zane, ruwan toka ne a fitowarsa ta farko a 1962, amma launin ya ƙi zama iri ɗaya a wurin bugawa, sai aka mayar da shi kore daga fitowa ta biyu. Yau da yawan masu karatu a wayar hannu za su gan ka, don haka ka rage zanen ya zama ƙarami ka duba ko har yanzu ana gane shi.

Idan siffar ta tsaya, ka yi takarda guda da ke nuna tauraron ta gaba, ta gefe da ta baya, tare da fuskokinsa na murna da fushi da tsoro da kunya, domin duk wanda zai taya ka zane ya bi ma'auni ɗaya. Labarin zuciya a tambayi fuska, gaskiya ne, amma a katun har kafaɗa da ƙafa ake tambaya. Tom and Jerry, waɗanda William Hanna da Joseph Barbera suka fara a 1940, kusan ba sa magana, amma babu mai shakkar abin da kowannensu yake ji. Ni abin da nake ba masu koyo shi ne su zana tauraro yana jiran wani da ya makara. Mai haƙuri da mai girman kai da matsoraci ba sa jira iri ɗaya.

Tsohon Makaranci ya amsa:

Ni ba mai zane ba ne, mai karatu ne, kuma ina da ja a wurare biyu. Na farko, Malama, batun siffofin nan yana da amfani amma yana da tarko. Idan kowane mai ƙiba abin dariya ne, kowane mai tabo a fuska kuma mugu ne, mai karatu zai san ƙarshen labarin tun daga shafin farko, sannan yara za su tashi suna auna halin mutum da kamanninsa. Mugu mai fara'a da taushin fuska ya fi ba ni tsoro, musamman idan yana da hujjar da shi kansa ya yarda da ita.

Na biyu, Malam Mai Alƙalami, ba kowane babban tauraro ne yake buƙatar rauni mai zurfi ba. Tintin, tauraron labarin zane da mai zane Hergé ya ƙirƙira a Beljiyam a 1929, idanunsa ɗigo biyu ne kawai, kuma da wuya ka kama shi da wani aibi. Sauƙin fuskar ne yake ba mai karatu damar sa kansa a wurinsa. Zafin rai da surutu da rauni an ɗora su ne a kan abokinsa Kyaftin Haddock, wanda ya shigo fiye da shekara goma bayan haka, kuma mutane da yawa shi suka fi so. Saboda haka, ɗana, kada ka duba tauraronka shi kaɗai, ka duba waɗanda ke kewaye da shi. Ka kuma rufe hotunan da hannu ka karanta maganganun kawai. Idan ba ka iya gane mai magana ba, to dukkansu da bakinka suke magana.

Ɗalibin Zane ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Abin da ya rage mini shi ne, labarin na yara da matasa ne, ina tsoron kada in ba shi taurin kai su tsane shi. Kuma dole ne halinsa ya canza kafin ƙarshe?

Mai Alƙalami ya amsa:

Baba Tsohon Makaranci ya yi gaskiya a kan Tintin, sai dai wannan hanya tana buƙatar abokan tafiya masu ƙarfin hali, kuma gina su aiki ɗaya ne da wanda muke magana a kai. Yara ba sa tsanar tauraro saboda yana da aibi, suna tsanarsa ne idan aibin yana cutar da wasu shi kuma ba ya ɗanɗana komai. Ka nuna tun da wuri cewa akwai wanda yake ƙauna fiye da kansa, ka nuna akwai abin da ya iya sosai, sannan ka bar taurin kan ya jawo masa asarar da za ta yi masa zafi a gaban idonsu.

Batun canji kuwa ya danganta da irin labarin. Idan labari ne guda mai farko da ƙarshe, ya kamata zaɓin da zai yi a ƙarshe ya zama wanda ba zai iya yi a farko ba. Idan kuma jerin gajerun labarai ne da za a yi ta ci gaba, tsayuwar halin ita ce abin da masu kallo suke dawowa domin ta, kamar yadda Tom bai taɓa daina bin Jerry ba. Ka yanke wannan shawara kafin ka ci gaba. Daga nan ka zana shafi biyu babu magana ko ɗaya, inda tauraron yake neman wani abu ana hana shi, ka ba wanda bai san labarin ba, ka tambaye shi me wannan saurayi yake so kuma me yake tsoro. Ka kawo mana amsar da ya ba ka tare da zanen inuwar da Malama ta ce ka yi, sai mu duba su tare.