In sa eval ko in rubuta nawa? Akwatin lissafin dillalan Farin Gada

Ɗan Rikkos: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa wa dillalan kayan gwari na Farin Gada manhaja da Python, lissafin a kan saba (server, kwamfutar da manhajar ke zaune a kai) yake gudana. Suna son akwati ɗaya da za su rubuta 45*38,500 - 12*700, wato kuɗin buhuna a cire na 'yan dako, amsa ta fito. Tarawa, debewa, sau, rabawa da baka kawai. In sa eval, umarnin Python da ke karɓar rubutu ya aiwatar da shi, in rubuta mai feɗe lissafin da kaina, ko in biya wani? Juma'a zan miƙa aikin.

Sadiya Bukuru: Ɗauki math.js, ka kira evaluate, layi ɗaya ka huta.

Ɗan Rikkos: Anti, Python na ce, ba JavaScript ba.

Injiniya Gangare: Ƙanena, ko kusa da eval kada ka je. Ba lissafi kaɗai yake yi ba, duk umarnin Python da aka rubuta masa zai aiwatar. Wata makaranta a nan Jos haka aka haɗa mata akwatin lissafin maki. Ranar fitar da sakamako wani ya rubuta 9**9**9 (** a Python ninka lamba da kanta ne sau da yawa). Amsar wannan lambobinta sun haura miliyan 369, sabar ta cije, iyaye sun yi cirko-cirko a ƙofar ofis. Aka kashe aka kunna, aikin ya dawo domin yana cikin layin jira, ta sake cijewa. Wanda ya haɗa manhajar aka hana shi cikon kuɗinsa, sunansa ya ɓaci. Gara ma da wannan aka rubuta, da __import__ ne aka kira os, fayil ɗin makin gaba ɗaya za a iya sharewa. Ko misalinka ma eval ba zai ba ka daidai ba. Waƙafin da ke cikin 45*38,500 raba shi zai yi gida biyu, ya ba ka 1710 da 500 maimakon 1,732,500, kuma ko tari ba zai yi ba.

Baban Ummi: Dillali ya ga 1710 a kuɗin buhu 45, wallahi da sandar auna buhu zai biyo ka har Rikkos.

Malam Nura: Hanyar tana nan tun 1961, Edsger Dijkstra ya fitar da ita. Ka fara yanka rubutun gutsure-gutsure: lamba, alama, baka, kana zubar da waƙafin da ke tsakanin lambobi. Lamba ta wuce kai tsaye layin fita. Alama ta hau tari, wato jerin da na sama ke fara sauka, amma kafin ta hau, a sauke duk wadda ke sama in ta fi ta ƙarfi ko sun yi daidai. Sau da rabawa sun fi tarawa da debewa ƙarfi. Wurin da yara ke faɗuwa shi ne wannan “ko sun yi daidai”. In ka manta shi, 10-4-3 zai ba ka 9 maimakon 3, 8/4/2 ya ba ka 4 maimakon 1. Sai alamar debewa da ta zo a farko, ko bayan baka, ko bayan wata alama, kamar 5*-3. Wannan ba debewa ba ce, juya lambar take yi, ka ware mata matsayinta daban.

Injiniya Gangare: Malam, wannan na allo ne. Mai miƙa aiki Juma'a ya yi ast.parse, wanda ke feɗe rubutun ya zama bishiya ba tare da ya aiwatar da shi ba, ya bi bishiyar, ya karɓi BinOp (alama tsakanin lambobi biyu), UnaryOp (alama a gaban lamba ɗaya) da Constant na lamba kawai, ya ƙi Pow (wato **), ya taƙaita tsawon rubutun. Layi talatin sun isa.

Malam Nura: Na allon ma yana aiki. Kuma Constant ɗinka in mai ɗigo ne ya riga ya zama float, lambar da kwamfuta ke adanawa da kintace, 0.1+0.2 zai ba shi 0.30000000000000004. Kuɗi da Decimal na Python, mai riƙe lamba yadda aka rubuta ta, ake lissafa su, daga rubutun lambar kai tsaye.

Sadiya Bukuru: To ast.literal_eval fa?

Malam Nura: Ba ya ninkawa, 'yata. Ba shi 2*3 ki ga kuskuren da zai jefo.

Habu Terminus: Kawo dubu 150 in rubuta maka da gwaje-gwajensa: raba da sifili, baka da ba a rufe ba, alamar × da ÷ da allon waya ke sawa.

Baban Ummi: Dubu 150? Dubu 30 da katin data ake yin wannan.

Habu Terminus: Na dubu 30 shi ne eval da aka sa wa hula.

Hajara Nasarawa: Kuna ta farashi, ba ku faɗi babbar matsalar ba. Mai aiki zai gwada amsarka da Excel. Excel na mayar da 2.5 zuwa 3, round na Python ya mayar da shi 2, in ba ka sa ROUND_HALF_UP a Decimal ba. Naira ɗaya ta bambanta, sai ya ce manhajarka ta lalace, ya riƙe cikon kuɗi.

Habu Terminus: Ai riƙe ciko ya zama al'ada. “Ɗan ƙaramin akwati ne kawai,” sannan a ce a ƙara 7.5% na haraji, alhali % a Python ragowar rabawa ce, sai ka sake taɓa mai yanka gutsuren. Kashi 70 kafin a fara, ko a bar shi.

Injiniya Gangare: Wa zai ba ka 70 a garin nan? Rabi ma sai da rantsuwa.

Ɗan Rikkos: To ni dai har yanzu, ast ko na Malam? Kuma kashi 40 na karɓa.

Baban Ummi: Inna lillahi. Habu, zo ka ji.