Wane cakulan ne zai jure zafin Kano?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema don Allah. Ƙarshen wata za a yi walimar saukar ƙanwata, ni aka ɗora wa haɗa ledojin da za a raba wa yara, Hajiyarmu kuma ta kafe sai an sa cakulan a ciki. Ga zafin Afrilu. Wane iri zan saya wanda ba zai koma kunu ba kafin a kai shi makaranta?

Anty Balki: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka a karatun. In na yara ne kar ki wahalar da kanki, ki shiga kasuwar Singa ki ɗauki Choco Milo kwali-kwali. Busasshe ne, zafi ba ya yi masa komai, kuma babu yaron da zai ture shi.

Abban Sadiq: Anty, ai wannan garin Milo ne aka dunƙule, ba na sa shi a lissafin cakulan. Amma dai yana fitar da mutum kunya.

Anty Balki: Malam, yaran Islamiyya za a ba, ba baƙin Turai ba.

Hajiya ta Nima: Maman Hanifa, bari in yi wa namu talla tunda ba wanda zai yi mana. Nan Ghana muna da Golden Tree, kamfanin sarrafa koko na Tema ke yin sa, masana'antar tana nan tun 1965. Wanda kowa ya sani shi ne Kingsbite, mai madara. Akwai Oranco mai ɗanɗanon lemu, akwai Akuafo mai lemon tsami, akwai Portem Nut mai gyaɗa. Dalilin da na kawo shi, yana da tauri. Masu talla a tsakiyar titin Accra suna yawo da shi cikin rana, ki saya ki ɓare ki tarar yana nan yadda yake, sai kin sa ƙarfi ya karye ƙas. Wanda ya saba da na Turai mai narkewa da an ɗora a harshe zai ce wannan ya cika tauri, har da ɗan gari-gari a baki. Gaskiya ne. Ni dai na fi son sa haka, don ƙamshin kokon ya fi fitowa. Akwai ƙanana da za su shiga leda daidai.

Maman Hanifa: Hajiya, ana samun sa a Kano kuwa?

Hajiya ta Nima: Sai dai saƙo. 'Yan kasuwarmu da ke sauka Legas suna riƙo shi in an yi musu magana da wuri. Ki dai guji tsakiyar Fabrairu in za ki sake saya wata shekara, don ranar 14 ga wata ita ce ranar cakulan ta ƙasa a nan, rububinsa ake yi.

Malam Garwa: Mu a Kamaru Mambo muka tashi muka gani, na Chococam da ke Douala. Ƙananan sanduna ne, yara na cusa shi cikin burodi su tafi makaranta. Yana da daɗi, amma ba zan ce miki zai jure rana kamar yadda Hajiya ta faɗi nasu ba. Garwa ma ai ba ta bar Kano a baya wajen zafi ba, mai shago mai hankali a firji yake ajiye shi.

Uwar Biyu: Ni kek nake yi na sayarwa, kullum hannuna cikin cakulan yake, bari in ɗan tsawaita. Cakulan na gaske da man koko ake yin sa, shi kuma man koko yana narkewa ne a wajen digiri 34, ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum. Shi ya sa yake narkewa a baki. To Kano a Afrilu tana haura 40, kin ga ko a inuwa ba zai kai labari ba. Masu arha da yawa an cire musu man kokon, an zuba man kwakwar manja ko wani man da aka daskarar, aka haɗa da garin koko da sukari. Irin waɗannan sun fi jure zafi kaɗan, amma in kin ci za ki ji wani maiƙo ya manne miki a ganɗa, sai kin kora da ruwan ɗumi. Ki juya bayan takardar ki karanta jerin kayan haɗin, abin da aka fara rubutawa shi ya fi yawa a ciki. Ba na ce na man kwakwa haramun ba ne, ni ma da shi nake lulluɓe donot, don na gaske ba zai fitar da ni ba. Kar dai a sayar miki da shi a kuɗin na gaske.

Abban Sadiq: Kuma kuɗin ya tashi ba wasa. A 2024 tan ɗaya na koko ya wuce dala 10,000 a kasuwar duniya, saboda amfani ya lalace a Kwaddibuwa da Ghana, su ne kuma ke noma fiye da rabin na duniya. Tun daga nan sanda ta ƙanƙance, takarda ta tsaya yadda take. Abin haushin, muna noma shi a Ondo da Kuros Riba, a fitar da shi ɗanye, a dawo mana da shi a naɗe mu saya da dala.

Zee: Tambaya a gefe, ku yi haƙuri. An kawo mini tsarabar Umara, dabino mai almon a ciki an lulluɓe shi da cakulan. Na buɗe na ga duk ya yi fari-fari a sama. Ya lalace ke nan?

Uwar Biyu: Bai lalace ba ƙanwata. Narkewa ya yi a hanya ya sake daskarewa, man ya taso sama. Shafa da yatsa, in ya yi santsi ya ɓace to man ne. In kin ji kaushi-kaushi kamar yashi, sukari ne, danshin firji ya jawo. Duk ana ci. Fumfuna daban take, tana da gashi-gashi da wari. Ki riƙa sa shi a roba mai murfi kafin ki sa a firji, in ba haka ba zai kwashe warin daddawa da albasa. In kin fito da shi kuma kar ki buɗe robar nan take, bari sanyin ya sake shi.

Zee: Alhamdulillah, har na kusa zubarwa. To na Dubai ɗin nan da ake yayi fa, mai kore a ciki?

Anty Balki: Fistashiyo ne, wani ɗan itace kore mai kama da gyaɗa, da kunafa, wata siririyar taliya da Larabawa ke yin kayan zaƙi da ita. Na ɗanɗana wanda wata ke yi a gida, zaƙi kamar me, gutsure ɗaya ya ishe ni. Kuɗin sanda ɗaya kuwa zai cika wa Maman Hanifa ledoji da yawa.

Malam Garwa: Masu karɓar tsaraba daga Turai kuma a riƙa dubawa. Wasu akwai giya a ciki, kamar Mon Chéri mai jar takarda. Sau da yawa wanda ya kawo ma bai lura ba, kyan kwali ya gani a filin jirgi.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Choco Milo zan zuba wa yara. Hajiya, malamai da iyaye nake so in yi wa na Ghana, in zai iso kafin ranar.

Hajiya ta Nima: Ɗan yayata zai sauka Legas mako mai zuwa, daga nan a sa a motar dare. Ki turo mini adadin da kike so ta akwatina, ki faɗi mai madara ko mai lemu.

Uwar Biyu: Ki ce wa direba kar ya sa shi a but kusa da inji. Ranar walimar kuma ki bar su a kula da ƙanƙara a ƙasa, tawul a tsakani, sai an fara addu'a ki fito da su. Hajiya, a ƙara mini Oranco biyu a saƙon, zan tura kuɗin yau.