Musayar Baiti a Kan Holy Motors: Lavant Gwani Ne Ko Ɗan Bori?

Bakanon Gwammaja:
Fim ɗin darakta Leos Carax na 2012 nake nufi, wanda Denis Lavant ya fito a matsayin wani mutum mai suna Oscar, a kama 11. Bismillah.

Oscar ya shige farar doguwar mota,
Attajiri ne da safe a bayanta,
Ya fito tsohuwa, ta doƙa da sandarta,
Bara take a gada, ba mai kula ta,
Lavant, fuska guda, ka san sarrafa ta.

Bazazzagi Mai Allo:
Bakano, kai da ka saba cinikin Kwari,
An sayar ma fim ba kai ba tsari,
Mutum ya tauna furannin kabari,
Ya gatse yatsun mace ya saɓi Eva Mendes ya shige magudanar gari,
In wannan ne gwaninta, a ba ƴan bori.

Malam Mai Arulli:
Bazazzagi, ɗangonka na huɗu ya fi motar Oscar tsawo. Kari ya karye tun daga "yatsun".

Bazazzagi Mai Allo:
Allah gafarta Malam, labari ne ya yi yawa. Na Bakano fa? Ya rubuta "kula ta" a rabe ya kira shi amsa-amo, ba ku tanka ba.

Ƴar Damagaram:
Kunne ke jin amsa-amo, Yaya, ido bai da hurumi. Ni da Faransancinsa na ji shi, ga nawa:

Ku bar batun fure, ku dubi uba,
Ya ɗauko ƴa a biki, dare ya raba,
Ta ce ta sha rawa, ƙarya ta zuba,
Banɗaki ta ɓuya, da jama'a ba ta saba,
Ya ce horonta zama da kanta har gaba.

Babu ihu babu tsalle, tuƙi kawai yake da murya a gajiye. A nan na sallama wa Lavant.

Bakanon Gwammaja:
Sai ke, ƴar uwa! Yau Damagaram ta taya Kano yaƙi, a rubuta a tarihi.

Bazazzagi Mai Allo:
In gwani ne, to ina kambunsa?
Gurbi 9 na gasar César ta Faransa aka sa fim ɗinsa,
Ko ɗaya bai kai ba gidansa,
Trintignant na fim ɗin Amour ya sha gabansa,
Bakano, biya shi daga aljihu ka share hawayensa.

Bakanon Gwammaja:
Alƙalan César su riƙe kambunsu,
Ka ga coci da masu akodiyon ɗinsu?
Lavant na gaba yana jan ragamarsu,
Tun 1984 shi da Carax ke tafiyarsu,
Zage-zagi ba sa gani sai da malaminsu.

Malam Mai Arulli:
Subhanallahi! Karanta 1984 da baki ka ƙirga gaɓoɓin. Kuma ku biyun, "-nsa" da "-su" amsa-amon rago ne, ko ɗan firamare ya jera ɗari.

Bazazzagi Mai Allo:
Malam, tun da aka fara ko baiti ɗaya ba mu gani daga gare ku ba.

Malam Mai Arulli:
Alƙali ba ya shiga dambe, yaro.

Bagusaje:
Na makara, ku yi haƙuri.

Kuna ta kari, ba mai ba ni labari,
Ya koma gida, ga matarsa biri,
Motoci a gareji na hira a jeri,
Mafarki ne, ko ni ne ba nazari?

Ƴar Damagaram:
Kawu, Oscar ɗan wasa ne. Shi da bakinsa ya koka wa wani mutum (jarumi Michel Piccoli ne ya fito a matsayinsa) a cikin motar cewa kyamarori sun ƙanƙance har ba a ganinsu. Gidan biran ma aiki ne, shi ne na ƙarshe a ranar.

Bazazzagi Mai Allo:
Aikin da ba hutu, ba a ga riba ba,
A sallami Lavant da kuɗin ayaba.

Malam Mai Arulli:
Ƙwar biyu kuma yanzu? Da ƙwar biyar muka fara.