Sabar, uwar garke, ko mai hidima?

Jama'a, ku taya ni duba wata kalma. Ƙanena zai ajiye kwamfuta a gida wadda za ta riƙe masa wasan Minecraft da abokansa, da ɗan shafin shagonsa, da imel. Abin da Bature ke kira server ke nan. Muna zaune muna lissafin kayan da zai saya, sai na lura sunan da muke kiranta da shi ne ke ja masa ra'ayi.

"Sabar" ta zauna a bakin masu gyaran waya, ban raina ta ba, amma ba ta gaya wa wanda bai sani ba komai. "Uwar garke" kuwa, wadda ake gani a wasu manhajojin da aka mayar Hausa, tana da daɗin faɗa. To amma da yaron nan ya ji ta, sai ya hango babbar saniya a gaba, ya nufi wata tsohuwar na'ura mai fanka shida, mai ƙara kamar injin markaɗe. Na ce masa, "Ƙanena, wa zai biya kuɗin wutarta? In aka ɗauke wuta, minti nawa batirin inbata zai riƙe ta?"

Wani malaminmu ya kawo "rumbu". Na yi ta juya ta. Rumbu ajiya yake yi kawai, ita kuwa wannan aiki take yi: a wasa, ita ke lissafa inda kowa ya taka.

Ni dai "mai hidima" na zaɓa. Ku tuna mai hidima a gidan biki: ba ita ce babba ba, amma ba ta barin wurin, wanda ya nemi ruwa ta miƙa masa. Haka na'urar take, tana sauraro a ƙofofinta (port), kowacce da lambarta: 443 ta shafi, 25 ta imel, 25565 ta Minecraft. Wanda ya ƙwanƙwasa shi ne "mai buƙata". Sarkin ƙofa kuma mu bar wa firewall, mai tace abin da ke shiga na'ura da fita, ya dace da shi.

Da muka kira ta haka, lissafin ya sauya. Juriya muke nema da ƙarancin cin wuta. Raspberry Pi 4, 'yar kwamfuta kamar tafin hannu mai cin 'yan watt kaɗan, ya ishi shafi, sai dai a sa masa ma'ajiyar bayanai ta SSD, don katin SD yana gajiya da yawan rubutu. Wasan ne mai cin RAM (ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta) da son saurin firosesa, shi ya sa muka tsaya a kan ƙaramar kwamfutar ofis ta hannu, mai RAM 16GB.

Imel ɗin kam, ni na hana shi tukuna. Layin waya yawanci ba ya ba ka adireshin IP (adireshin na'ura a intanet) naka kai kaɗai, in babu shi kuwa wasiƙa ba ta san gidan da za ta sauka ba.

Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku da kuka taso da "serveur", me kuke ce mata?