Ƙyama ko ƙin jini? Neman Hausar "antisemitism"

Jama'a, tun jiya nake fassara wata hira da masaniyar tarihi Deborah Lipstadt, kalma ɗaya ta hana ni sakat: antisemitism. A rediyo yau ka ji "ƙyamar Yahudawa", gobe "ƙin jinin Yahudawa". Ya kamata mu tsaya a guda.

Wani malami ya ce mu bi Larabawa masu cewa mu'adatus samiyya, mu ce "gaba da zuriyar Samu". Allah gafarta malam, a nan kam ban bi ka ba. Gaskiya ne daga sunan Samu ɗan Annabi Nuhu tushen ya fito, kuma tun 1781 Bajamushe Schlözer ya laƙaba shi ga dangin harsunan da suka haɗa Larabci da Ibrananci. To in muka ce zuriyar Samu, Balarabe ma ya shigo ciki. Alhali Wilhelm Marr, wanda ya yayata kalmar a Jamus a 1879, Yahudawa kaɗai yake nufi. Tsohuwar ƙiyayya ya sa wa babbar riga don ta yi kama da ilimi. Shi ya sa Lipstadt da masanin tarihi Yehuda Bauer suka dage a daina raba kalmar da ɗan karan nan na tsakiya (anti-Semitism), wanda ke sa a zaci duk zuriyar Samu ake nufi, kamfanin dillancin labarai na AP ma ya bi sahu a 2021. Ramin da masu kalmar suke ƙoƙarin cikewa, mu kuma mu haƙa shi da Hausa?

Saura ƙyama da ƙin jini. 'Yar'uwar da ta ce ƙyama ta fi daɗi a baki, na yarda. Amma ƙyama ta ƙazanta ce, ka toshe hanci ka kauce. Mai ƙyama ba ya bin ka gida. Ƙin jini kuwa shi ne ka tsani mutum bai yi maka komai ba, ko ya sauya riga, ko ya sauya addini. Kuma jinin ne ainihin zancen: cikin dokokin Nuremberg da gwamnatin Nazi ta Jamus ta kafa a 1935 akwai wadda sunanta ma dokar kare jinin Jamusawa, kuma da kakanni aka riƙa ƙirga wane ne Bayahude. Ni dai ƙin jini na zaɓa.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne iyakar kalmar. Ma'anar da IHRA, ƙawancen ƙasashe don tunawa da kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa, ya amince da ita a 2016 tana da misalai 11, bakwai sun shafi Isra'ila. Kenneth Stern, wanda ya jagoranci rubuta ta tun farko, ya dawo yana kukan ana rufe bakin mutane da ita a jami'o'i. A 2021 masana kusan 200 suka fito da tasu, Sanarwar Ƙudus. Su can suna ta ja, mu a fassara kada mu cakuɗa: ƙin jinin Yahudawa daban, adawa da sahyoniyanci daban, sukar gwamnatin Isra'ila daban. In ba haka ba, ina za ka ajiye Gideon Levy na jaridar Haaretz, ko Avi Shlaim na Oxford, Bayahude haifaffen Bagadaza, da suka shafe shekaru suna caccakar manufofin ƙasar?

Abin da ya rage mini shi ne sunan mai halin. "Mai ƙin jinin Yahudawa" ya yi wa kanun labari tsawo, "maƙiyin Yahudawa" kuma sai ka ce filin daga ake. 'Yan ɗakin labarai, wanne kuke sawa?