Wasa ƙwaƙwalwa kafin aikin zuciya: me ke aiki?

Sista, Tarauni: Salamu alaikum. Dattijo yakan fito daga tiyatar zuciya lafiya, kwana biyu ya fara fizge robar ƙarin ruwa, ya kasa gane 'ya'yansa, dangi su ce iska ce. Masana, a taimaka da abin da za a yi tun kafin ranar.

Likitan sa barci, Nassarawa: Wa alaikumus salam. Ba iska ba ce, Sista. Ruɗewa ce, takan zo cikin kwana uku na farko, ta fi tsanani da dare. Yayin da inji ke riƙe aikin zuciya da huhu, ƙananan gudaji kan wuce zuwa ƙwaƙwalwa, jini ya sauka, jiki ya kumbura. Sai rashin barci da ciwo su ƙara. Wani binciken jihar Ohio ta Amurka a 2021, kan 'yan shekara 60 zuwa sama da aka yi wa tiyatar da ba ta zuciya ba, ya sa rukuni ɗaya wasannin ƙwaƙwalwa na awa 10 kafin aikin: kashi 14 cikin ɗari suka ruɗe, rukunin da bai yi wasan ba kashi 23. Alama ce mai kyau, amma ba ta isa a yanke hukunci ba, kuma yawancinsu ba su cika awannin ba.

Malam mai gashin ƙashi, Gwale: Likita, nan ake faɗuwa. A raba awa 10 ɗin, awa ɗaya kullum, rabi da safe rabi bayan la'asar. Kuma abin ya zama sabo, mai ɗan wuya. Tilawar surar da ya haddace tun yana yaro ba sabon abu ba ce ga ƙwaƙwalwa. A ba shi sabuwar hadda. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ya yi lissafin yadi da ka, ba kalkuleta. Ya cire bakwai-bakwai daga 100, ya jero watanni ta baya, ya buga dara. In ya fara sauƙi, a ƙara nauyi. In ƙirji ya ɗaure ko numfashi ya yi sama, a tsaya.

Hajiya mai jinya, Fagge: A roƙi a yi masa gwajin ƙwaƙwalwa na MoCA, mai maki 30, kafin aiki, don a san daga ina aka tashi. Bayan aiki a mayar masa da tabarau da na'urar ji da wuri, a buɗe labule da rana, a faɗa masa rana da lokacin salla. 'Yan dubiya su rage. Wanda ya yi tsit yana gyangyaɗi ma a kira nas, irin wannan ruɗewar ce aka fi kasa ganewa.

Likitan sa barci: Haka ne, Hajiya. Kuma mai shan diazepam ko tramadol ya faɗa mana tun farko, kada ya daina da kansa.